Jibna farar Bahar Abyad: abin da ke cikin madara da yadda muke kama shi

Sana'armu a nan gefen Duwaim, garin da ke bakin kogin Bahar Abyad (Farin Nilu) a Sudan, ita ce jibna, farin cukun da ake ci da ful, wato dafaffen wake, da safe. Aikin gaba ɗaya kamun furotin ne. A kilo ɗaya na madarar saniya akwai furotin kusan giram 33, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Kashi 80 cikin 100 kasin ne. Allah ya yi shi ya zama abincin ɗan maraƙi, yana ɗauke masa da sinadarin kalsiyam na ginin ƙashi. Shi ne ke daskarewa ya zama jibna. Saura kashi 20 yana bin ruwan da ke tsatsafowa, wanda ake kira shirish.

Abin da ke daskarar da kasin ɗin ma furotin ne, amma mai aiki: manfaha, wadda asalinta daga tumbi na huɗu na maraƙin da bai bar nono ba take. Tana datse wani ɓangare na kasin, sai ƙwayoyin su manne da juna. Tana son ɗumi, digiri 32 zuwa 35. Madara ta yi sanyi, ta ƙi kamawa. Ta yi zafi ainun, manfahar ta mutu, ka yi asarar tukunya guda.

Muna tace madara da farin ƙyalle, mu ɗumama ta zuwa digiri 63 na minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta, sannan mu bar ta ta huce. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. Idan ka tafasa ta, furotin na shirish ya canza siffa ya liƙe wa kasin, manfaha ta rasa wurin datsa, gudajin ya fito kamar kunu. Gishiri kuwa a madara muke zuba shi tun kafin manfaha, kilo 6 zuwa 8 a lita 100, saboda zafin ƙasarmu. Yana jinkirta kamawa, don haka a yi haƙuri na sa'o'i. Ka tsoma yatsa mai tsabta ka ɗaga: in gudajin ya tsage sumul, ruwa garai-garai mai ɗan kore ya cika tsagin, ya yi. In ruwan fari ne, kasin ne ke gudu, kuɗinka ne ke gudu.

Daga nan sai akwatin katako da ƙyalle, a danne da nauyi ya kwana, a yanka, a jera a gwangwani a rufe da shirish ɗinsa.

Madara biyu ba ma karɓa daga makiyaya ko da damina ce. Ta farko dakashi, nonon kwanakin farko bayan haihuwa. Cike yake da furotin na garkuwar jiki, kuma hanjin maraƙi a yini na farko kawai yake iya shigar da shi jini. Haƙƙinsa ne, jibna kuma ba ta kyau da shi. Ta biyu ta saniya mai kumburin hantsa, domin kasin ɗinta ya riga ya fara rugujewa tun a jikinta.

Nonon raƙumi ana yawan tambaya. Manfahar maraƙi ba ta kama shi da kyau, gara a bar shi a yi gariis da shi, wato nonon raƙumi mai tsami.