Sanya Fankar Lantarki a Tsohuwar A-kori-kura: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Kwance Ta Asali

Yawancin tsofaffin motocin a-kori-kura sun fito ne daga kamfani da fankar da inji ke juyawa kai tsaye, wadda aka ɗaura a kan famfon ruwa, fambel yana jan su tare. Illar wannan tsari ita ce gudun fankar yana bin gudun inji, saboda haka idan mota ta tsaya a cunkoso inji yana silo, iskar da ke ratsa lagireto takan ragu a daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarta, alhali kuwa a kan babban titi iskar da ke bugo gaban mota ta wadatar ko da babu fanka. Wannan ne ya sa masu irin waɗannan motoci ke sha'awar komawa fankar lantarki, wadda ba ruwanta da gudun inji.

Sai dai kafin a sayi komai, ya kamata a tabbatar cewa matsalar ta iska ce. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce da zarar ta kama hanya, ita ce fankar lantarki za ta amfana. Wadda kuwa zafinta ke hawa tana cikin gudu, to a duba lagireto ko ya toshe, a duba tamosta (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) da famfon ruwa da murfin lagireto, domin sabuwar fanka ba za ta gyara ko ɗaya daga cikinsu ba.

Fankar iri biyu ce. Akwai wadda ake sanyawa bayan lagireto, ta gefen inji, tana zuƙo iska, akwai kuma wadda ake sanyawa gabansa tana turawa. Ta farkon ta fi aiki, domin ta biyun takan tare wani ɓangare na iskar hanya da jikinta, don haka ba na ganin dalilin zaɓenta sai idan ratar da ke tsakanin lagireto da famfon ruwa ta yi kaɗan. A auna wannan rata da kyau kafin a biya kuɗi. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne rigar da ke kewaye da fanka, wadda ke rufe bayan lagireto gaba ɗaya. Fankar da aka manna tsirara tana jan iska ne ta da'irar da ke gabanta kawai, kusurwoyin lagireto huɗu kuwa su zauna babu aiki, shi ya sa sau da yawa fankar da aka ciro daga wata mota tare da rigarta takan fi sabuwa marar riga amfani. A Amurka, masu irin wannan gyara sun daɗe suna neman fankar Ford Taurus mai gudu biyu saboda yawan iskarta. Game da ɗauri kuma, igiyoyin robar nan da ake zurawa ta cikin saƙar lagireto ba su dace da motar da ke bin hanya mai gargada ba, domin girgiza kan sa su goge bututun ruwan har ya huje. Gara a yanko ƙarfe a ɗaure fankar a jikin firam ɗin lagireto.

Wajen wuta ne aikin yake da wuya. Babbar fanka takan ci amfiya 20 zuwa 30 tana aiki, kuma a daƙiƙar da take tashi takan ja fiye da haka nesa ba kusa ba, alhali altanetar tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce amfiya 60 ba, ita kanta kuma ba ta bayar da cikakkiyar wutarta a silo. Idan aka haɗa da fitilun gaba da na'urar goge gilashi a daren da ake ruwa, batir ne zai riƙa cike giɓin har ya mutu, don haka wani lokaci sauya altaneta yana cikin kuɗin aikin. Dole wutar fanka ta taso daga batir ta waya mai kauri, a sanya fiyus kusa da batirin, sannan ta bi ta rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don babbar wuta ta wuce, kada a ɗora wannan nauyi a kan makunnin mota. Wayar da ke komawa jikin mota ma a kankare mata fenti da tsatsa.

Ba na goyon bayan makunnin hannu shi kaɗai, domin direba mutum ne, wata rana zai manta, kuma mantuwar minti kaɗan ta isa ta ƙona gaskit. Gara na'urar auna zafi ta riƙa kunna fankar da kanta, kuma wadda ake murɗawa cikin hanyar ruwa ta fi wadda ake cusawa tsakanin saƙar lagireto daidaito. A zaɓi wadda ke kunna fanka a saman zafin da tamosta ke buɗewa. Idan tamosta tana buɗewa a digiri 82 na ma'aunin Selsiyus, fankar ta tashi wajen digiri 90 zuwa 95, in ba haka ba za ta yi ta juyawa ba hutawa. Motar da ke da na'urar sanyaya ciki kuma a haɗa ta yadda fanka za ta tashi duk lokacin da aka kunna na'urar.

A motoci da yawa, kusoshin da ke riƙe tsohuwar fanka su ne ke riƙe da fulin famfon ruwa, wato faifan da fambel ke hawa, saboda haka bayan an cire fankar sai a mayar da su, a kuma tabbatar ba su yi tsawon da za su taɓa jikin famfon ba. Idan an gama, a kara takarda a gaban lagireto fanka tana juyawa: in ta manne, iska na tafiya daidai, in ta tashi kuwa an juya wayoyin.

Ga wanda motarsa ke jan tirela ko hawan tudu da kaya masu nauyi, musamman mai babban injin dizal, shawarata ita ce ya bar fankarsa ta asali, in tana da kuloci (abin da ke haɗa ta da juyawar inji) ya sauya shi idan ya gaji, domin a lokacin da inji ke gudu sosai tana jan iskar da fankar lantarki ta yau da kullum ba za ta iya ja ba. Idan cunkoso ne ke damunsa, zai iya ƙara ƙaramar fankar lantarki a gaban lagireto ta riƙa taimaka mata.