Ƙullin da na yi a ruwan Tiga

Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na kwanta sai in ga igiyar nan shuɗiya, ta jiƙe ta ɗame, ina fama da ita da farce da haƙori. Shekara shida ina zuwa su a Tiga, ranar Asabar ko in an yi hutun makaranta. Ba sana'ata ba ce, ina zuwa ne in huta da hayaniyar aji, in kuma samo na miya. A shekarun nan ban taɓa jin tsoron ruwan ba, kuma ina ganin rashin tsoron ne ya ja mini.

Ƙarshen watan Mayu ne, damina tana leƙowa ba ta zauna ba. Wanda ya san Tiga ya san a irin wannan lokaci ruwa ya ja baya sosai, don duk rani ana sakin sa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. In ya ja, sai kututturan itatuwan da ya cinye tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Audu Bako, su fara fito da kai. A gindinsu kifi yake taruwa, karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, shi ya sa duk mai fatsa yake son wurin. Matsalar kawai ita ce suna da nisa da gaɓa, kuma Tiga ba kududdufi ba ne. In kana tsakiya, mutumin da ke bakin ruwa kamar tururuwa za ka hango shi.

Na tafi da ɗan yayata, yaro ɗan shekara 13, wanda ya daɗe yana roƙona. Muka ari kwalekwale wurin dattijon da na saba ara a hannunsa. Yana miƙo mini filafili ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Malam, ka ji yadda garin nan ya yi tsit? Ko ganye ba ya motsi. In ka ga gabas ta yi ja, kada ka tsaya naɗe fatsa, taho kawai." Na ce to, Baba. Har mun tura jirgi ya kira ni, ya wurgo wata jarka mai cin lita 25, babu komai a ciki, murfinta a ɗaure tam. Ya ce a ajiye ta kusa da yaro. Na karɓa ne don kada in ƙi maganar babba.

Da muka isa kututturen da nake so, sai na ɗaure jirgin. A nan na yi ɓarnar. Maimakon in ɗaura igiyar a goshin jirgi, sai na ɗaura ta a katakon zama na tsakiya, don ta fi kusa da hannuna. Na ja ta gajere don kada jirgin ya riƙa yawo yana harɗe mana fatsa. Sannan na yi ƙulli uku, ɗaya kan ɗaya, irin wanda ake yi wa buhun masara. Wuƙata kuwa tana can bakin ruwa a jakar babur, inda na bar ta bayan na yanka wa yaron mangwaro.

Kifi ya ci ranar, ba laifi. Kafin la'asar sakaliya mun tara karfasa goma sha ɗaya, yaron kuma ya ciro ragon ruwa mai tsawon damtsena da tana ɗaya tak. Murna ta hana shi zama.

Shi ya fara gani. Ya ce, "Kawu, dubi can." Na waiwaya, gabas ta yi jawur, ƙura ta tashi kamar bango, baƙin hadari a bayanta. A daidai lokacin toton fatsata yana rawa a kan ruwa, wani abu yana taɓa ta. Na ce masa saura ɗaya. Wannan "saura ɗaya" ita ce ba na yafe wa kaina. An gaya mini, da bakin wanda ya fi ni sanin ruwan, kuma na ce to. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban fi minti goma ba ina jira, sai na ji wata iska mai sanyi ta doki ƙeyata, ruwan da yake kwance kamar faranti ya fara tattarewa.

Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake zuwa, kuma iska ce take riga ruwan sama isowa. A tudu ƙura kawai za ta watsa maka ka shige ɗaki. A kan ruwa mai faɗi irin Tiga babu abin da yake tare ta, kafin ta iso wurinka ta riga ta tara igiyar ruwa. Jirgin da aka ɗaure ta goshi da doguwar igiya, da kansa yake juyawa ya fuskanci iskar, ya riƙa hawa yana sauka. Nawa da na ɗaure ta tsakiya sai ya ba iskar haƙarƙari. Kowace igiyar ruwa ta zo sai ta daki gefensa ta zubo ciki, gajeriyar igiyar kuma tana danne gefen ƙasa, ta hana shi ɗagawa. Sai ya koma ya bugi kututturen, ƙum, ƙum, har ina jin katako yana ƙara a ƙarƙashin ƙafata.

Na durƙusa kan ƙullin. Igiyar roba ce, in ta jiƙe kuma ana jan ta da ƙarfi, ƙullinta komawa yake kamar dutse. Na sa farce har ɗaya ya ɓalle, na sa haƙori, ko motsi bai yi ba. Na laluba aljihu neman wuƙa, sai na tuna da mangwaro. Yaron yana kwashe ruwa da ƙoƙo yana kuka yana salati, abin da yake kwashewa bai kai rabin abin da yake shigowa ba. Da ruwa ya kai mana gwiwa a zaune, na daina taɓa igiyar. Na tura masa jarkar nan, na ce ya rungume ta da hannu biyu, ko me zai faru kada ya saki. Na zare rawanin da na yafa na ɗaure kugunsa da marikinta.

Jirgin bai kife ba, cika ya yi ya nutse har baki, muna ciki ruwa iya ƙirji. Hannuna ɗaya a kututture, ɗaya a wuyan rigar yaron. Ruwan sama ya sauko har ba na ganin gaɓa ta ko'ina. Abin da ya riƙa zuwa mini a rai shi ne Bagwai, jirgin da ya kife a ruwan Watari a ƙarshen Nuwamba 2021 da mutanen Badau, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Lokacin na yi ta faɗa a majalisa cewa sakaci ne, ya za a ɗebi yara a ruwa ba rigar kariya. Ga ni da ɗan mutane a tsakiyar Tiga, ba riga, ba wuƙa.

Masunta biyu ne suka cece mu, Allah ya saka musu da alheri. Baba ne ya taso su tun da ya ga hadari ya haɗo ba mu dawo ba, suka jira iskar ta ɗan lafa suka shigo da babban jirgi. Ɗayansu ya sa wuƙa sau ɗaya, igiyar da ta kusa kashe mu ta rabu biyu. Sau ɗaya tak. Na daɗe ina kallon guntun da ya rage a jikin katakon.

Waya ta tafi, kifi ya koma inda ya fito, katako biyu na jirgin sun tsage, na biya gyara da kuɗin da ya kusa rabin albashina. Duk wannan bai dame ni ba kamar shiga gidan Yaya da daddare da yaro yana rawar sanyi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai shafa kansa, ta shafa hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Allah ya kyauta," ta shige ɗaki da shi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ga wanda yake zuwa madatsar Tiga ko ta Challawa ko ta Thomas don nishaɗi irina, abin da zan ce kaɗan ne. Ka ɗaure jirgi ta goshi, ka ba igiya tsawo, ka yi zarge wanda ja ɗaya zai kwance shi, bakin igiyar kuma ya kasance kusa da ƙafarka. Wuƙa a jikinka take zama, ɗaure da zare, ba a jaka ba. Rigar kariya na sayi biyu a Kano, kuɗinsu bai kai na wayar da na rasa ba, kuma wallahi ina jin haushin kaina duk sanda na tuna shekara shida na yi ban saya ba. Daga Mayu zuwa Yuni kuwa, na daina shiga ruwa bayan azahar. Da asuba zan riƙa zuwa, kafin rana ta take in fito.

Asabar da ta wuce na koma. Baba bai ba ni filafili ba sai da ya zaunar da ni a gindin wata bishiya, ya miƙo mini igiya, ya ce in yi zarge in kwance. Na yi, ya tsoma igiyar a ruwa ya ce in sake. Na sake, ya ce in rufe ido. Yaron ya biyo ni ranar, da izinin uwarsa, amma da sharaɗin ba zai taka jirgi ba. Yana zaune kan jarkar nan yana kallonmu, can ya taso ya ce, "Baba, ni ma a koya mini."