Gorar jiƙon da ta mayar da ni farko

Ina ɗan shekara ashirin da uku tari ya kama ni. Na ce mura ce, har zufar dare ta fara jiƙa min riga, wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Sai da na tofar da kaki da jini yayana ya tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka gwada, aka ce tarin tibi ne. Magani kyauta, amma na wata 6: wata biyun farko haɗin magani huɗu, sauran wata huɗun guda biyu, kullum da sassafe kafin in karya.

Ranar farko fitsarina ya koma kamar an ɗiga masa manja. Nas ta riga ta faɗa min aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, kada in tsorata. Gwaggona kuwa da ta ji, ta ce, "Ɗan nan, ƙwayar Bature ce ke dafa maka ciki." Washegari ta aiko da gorar roba cike da jiƙon sassaƙe da saiwoyi, ɗaci kamar maɗaci, ga kuma zuma da habbatus sauda. Ƙauna ce ta sa ta, har yau ban ga laifinta ba.

Laifin nawa ne, ƙannena, kuma biyu ne. Na farko, na haɗa duka ina sha, ban gaya wa likita ba don kada ya yi min faɗa. Ashe ƙwayoyin tibi da kansu suna wahalar da hanta, ni kuma ina ƙara mata abin da ko mai haɗa shi ba ya auna shi. Na biyu ya fi muni. Da aka shiga sati na bakwai tari ya lafa, na fara share malmala biyu ta tuwo, sai na ba jiƙo lambar yabo, na jefa sauran ƙwayoyin bayan akwati.

Ƙwayar cutar tibi ba ta mutuwa lokaci guda. Masu hayayyafa su ke fara faɗuwa, shi ya sa mutum ke jin garau da wuri. Ragowar suna laɓe, su ake bi da watannin baya. Wanda ya tsaya a tsakiya kan iya tayar da irin wadda ba ta jin magani, wadda a da ake shekara ɗaya da rabi ko fiye ana fama, da allurar da kan taɓa jin kunne.

Bayan wata huɗu tari ya dawo, kuma wannan karon har da ƙanina da muke kwana shago ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Aka sa kakina a na'urar GeneXpert mai gano ko ƙwayar cutar na jin magani, Allah Ya rufa asiri, magani na ci. Aka ce in koma farko.

Na ɗauki gorar na kai wa likita. Ya shinshina, ya ce, "Malam, zumarka ka ci gaba da sha, addu'a kuwa ka ƙara. Wannan dai ajiye min ita." Abin da nake ta ɓoyo ke nan, ko tsawa bai yi min ba. Don haka duk abin da aka aiko muku daga gida, ku kai shi gaban likita da gorarsa, kuma kada jin sauƙi ya sa ku yanke wa kanku ranar gamawa. Tarin da ya wuce sati biyu, a je a gwada.

Ƙanina bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Har yau idan muka saɓa, sai ya yi ɗan tarin ƙarya ya kalle ni.