Tsayuwar alƙalin gefe a ƙwallon ƙafar Amurka

A wasannin ƙwallon ƙafar Amurka (wadda ake gudu da ƙwallo a hannu ana jifa) na makarantun sakandare galibi mu biyar ne ke alƙalanci, ba bakwai ba kamar a NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, alhali girman filin bai ragu ba: tsawo yadi 120 har da gidajen ci biyu da ke ƙarshen filin ta kowane ɓangare, faɗi yadi 53 da sulusi. Babban alƙali mai farar hula yana tsayawa yadi 12 zuwa 15 bayan layin da ake ɗaga ƙwallo daga ƙasa don fara kowane zagaye na wasa, ta ɓangaren hannun da mai jifa ke jifa da shi. Na biyu yana tsakiya bayan 'yan tsaron gaba da yadi biyar zuwa bakwai, na uku can baya kamar yadi 20. Mu biyun da suka rage muna gefe, muna fuskantar juna a kan layin da ake ɗaga ƙwallon.

Abin da na fara koya a gefe shi ne kada ido ya bi ƙwallo. Da an ɗaga, sai in dubi ɗan tare hanya na ƙarshe a ɓangarena, cikin 'yan layin gaba na masu kai hari. In ya kutsa gaba, gudu za a yi da ƙwallon. In ya ja da baya, galibi jifa ce, sai in koma kan mai cafewa da wanda ke gadinsa. Alƙalai biyar su zuba wa ƙwallo ido, to riƙon riga da bugun baya duk sun wuce ba wanda ya gani.

Ƙafafuna kuwa ba sa barin layin gefe sai wasa ya tsaya. Wanda ya shige ciki da wuri, in mai gudu ya karkato gefe zai bi ta bayansa, alƙalin ba zai ga ko ya taka layi ba. Nakan bar mai gudu ya ɗan wuce ni, in bi shi a baya. In an kayar da shi, ba na yanko hanya a karkace. Ina bin layi har in yi daidai da iyakar inda ƙwallon ta kai, sannan in juya in shigo a miƙe, in nuna wurin da ƙafa. Yanke na iya ƙara ko rage rabin yadi, kuma sarƙar da ake auna yadi goman da ake buƙatar masu kai hari su ci ba ta yafe ko taƙi ɗaya.

Daga yadi biyar zuwa layin ci, wato bakin gidan ci, lissafin yana sauyawa. Da an ɗaga ƙwallo sai mu garzaya layin ci mu jira a can, domin alƙali ba ya hukunta ci yana cikin gudu.

Usur a hannu nake riƙe shi bayan an ɗaga. Wanda ke baki yakan busu kafin a ga ƙwallo a ƙasa, kuma busar kuskure tana kashe wasan nan take, ko da mai gudu ya kama hanyar ci.