Maganar zubar da ciki: ni dai a tsakiya na tsaya

Tun ranar da na taɓo maganar nan a group ɗinmu na tsofaffin ƴan makaranta mutum biyu suka daina amsa min sallama, ɗaya ya ce boko ta ci min imani, ɗayar kuma ta ce tunanina na mutanen da ne. Toh bari in yi bayani a nan a tsanake.

Abin da ya sa nake ta wannan magana wata yarinya ce ƴar aiki a layinmu, wlh ba ta fi shekara 14 ba. Wani babban mutum a gidan da take aiki ya yi mata fyaɗe, ciki ya shiga, aka ɓoye aka kai ta wajen wani mai kemis ya ɗura mata magunguna. Da daddare ni na tsaro mai adaidaita, zanin da aka naɗe ta da shi ya jiƙe sharkaf da jini, tana ta kiran innarta da ke can ƙauye. Ta rayu, amma sai da aka cire mata mahaifa. Shi kuwa wanda ya yi aika-aikar har yau yana yawonsa ba wanda ya ce masa kanzil.

Dokarmu ta Arewa, Penal Code sashe na 232, ta ce wanda ya zubar da ciki zai iya shan ɗaurin shekara 14, sai dai in an yi ne don ceton ran uwa, a Kudu ma kusan haka ne. Babu maganar fyaɗe a ciki kwata-kwata, alhali Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata a Afirka, wadda ta ce a ba da dama idan fyaɗe ne ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Mun sa hannu mun ajiye a durowa.

Ni fa ban ce a buɗe ƙofa ba, Allah ya kiyaye. Jamhuriyar Benin a 2021 sun halatta har sati 12 ko da dalilin karatu ko talauci ne, Faransa kuma a 2024 cikin tsarin mulkinsu ma suka saka shi, wannan kam ya yi min yawa, abin da ke cikin mahaifa ba tsumma ba ne. Amma mu daina yi kamar addini bai san uzuri ba. Gaskiya ne Malikiyya da muke bi tana da tsauri, yawancin malamanta sun hana tun farkon shigar ciki, to amma malaman Hanafiyya da dama sun yi sassauci kafin kwana 120 in akwai uzuri mai ƙarfi, saboda hadisin Ibn Mas'ud na arba'in-arba'in sau uku sannan a busa rai. Bayan an busa rai kuwa kowa ya tafi a kan haramci sai don ceton uwa. Me zai hana malamai da likitoci su zauna su fitar da ƴar siririyar hanya, fyaɗe da ciwo mai tsanani kawai, da wuri, a asibiti, da sa hannun likita fiye da ɗaya?

Ƴan siyasa ne ba sa so a taɓa. A 2022 Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci a kan abin da doka ta riga ta halatta, aka yi caa, gwamnan jihar Sanwo-Olu ya dakatar cikin ƴan kwanaki. A shekarar ce kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973 wanda ya ba mata ƴancin zubar da ciki a can, mu kuma muka kwaso rigimarsu muna ta yi a Facebook kamar tamu ce.

Kuma abin da ke ƙona min rai, masu ihun kare rai ɗin nan ina suke in mace na naƙuda? Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2020 ya nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya ƴan Najeriya ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar kai mai naƙuda gari ya gagari mutanen ƙauye, asibitin sha-ka-tafi ba ungozoma da dare ba wuta. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidana neman ƙuri'a a 2027 wannan zan fara tambayarsa, sannan in ba shi labarin yarinyar nan.