Dattijon da na ajiye a bayan kanta

Ina kurtu, wata takwas kacal da fitowata daga Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, aka kawo mana ƙarar satar babur. Wanda ake zargi yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Muka je gidansu, ya riga ya tsallake katanga. Ni da bakina na ce a tafi da mahaifinsa, in ɗan ya ji labari zai kawo kansa. Haka na ga ana yi, ban ɗauke shi komai ba.

Tela ne, dattijo mai furfura, awon ɗinki ma na rataye a wuyansa lokacin da muka sa shi a mota. Bai yi mana gardama ba. Da magariba ta yi ya dube ni ya ce, "Ɗana, a taimake ni da ruwan alwala." Na miƙa masa buta, ya shimfiɗa kwali a bayan kanta ya yi sallarsa. Kwana biyu ya yi a wurinmu. Yaron bai zo ba. Mai unguwa ne ya zo da dattawa uku aka sake shi.

Bayan wata guda aka fasa shaguna a layin nan nasu. Na bi gida gida ina tambaya. Mai shayin da ya saba gaya mana duk baƙon da ya shigo unguwar, ko ido bai ɗaga ba, ya ce, "Yallaɓai, ban ga komai ba." Haka kowa ya ce. Sun gani sarai. Amma wa zai yi magana da mutanen da suka ɗauke tsoho daga kan kekensa babu laifin tsaye babu na zaune? Har yau ba a kama ɓarayin ba, ni kuwa na san inda muka rasa su.

A kwaleji an karantar da mu cewa aikin shi ne kare rai da dukiya, hana laifi kafin ya auku, da kai wanda ake zargi gaban alƙali. Hukunci na kotu ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kada wanda aka kama ya wuce kwana ɗaya ba a gurfanar da shi ba. Na haddace wannan don jarrabawa, na manta da shi ranar da ya kamata ya yi mini aiki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta zo ta faɗa ƙarara a sashe na 36: ba a kama wani a madadin wani. Ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, abin da har gobe masu kuɗi ke kawo mana caji ofis suna so a tsorata musu mutum.

Yanzu ina sufeto. Duk wanda yarana suka shigo da shi, kafin a rubuta sunansa sai na tambaya: shi da kansa me ya yi?

Sai da na shekara shida kafin na iya zuwa shagon dattijon. Na cire hula, na durƙusa, na ce, "Baba, ni ne na ajiye ka." Ya tsayar da keken, ya daɗe yana kallona, ya ce ya gane ni tun daga bakin ƙofa. Ya ce ya yafe, sannan ya tura jikansa ya kawo mini ruwa.