Tuban muzuru da tuban gaskiya

Yaron da ya ga bulala a hannun babansa ba ya jiran a tambaye shi, sai ka ji "na tuba, Baba, na tuba!" Kowa a gidan ya san bulalar yake tsoro, gobe ma zai koma. Hausawa sun ba wannan hali suna tun da daɗewa: tuban muzuru, kaza a baki. Yawancin ruɗanin da masu bi, wato Kiristoci, ke yi game da tuba daga nan yake, domin sun ɗauki nadama a matsayin tuba.

A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci "shub" na nufin juyowa, kamar matafiyin da ya kama hanyar Illela alhali Gusau za shi, ya gane, ya juya akalarsa. A Sabon Alkawari kuma kalmar Girkanci "metanoya" sauyin tunani ce, wato mutum ya daina ganin laifinsa yadda ya saba gani, ya yarda da hukuncin Allah a kansa. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ke nufin kuka. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korintiyawa 7:10, akwai irin na Allah mai kai ga tuba, akwai irin na duniya mai kai ga mutuwa. Yahuza ya yi nadama har ya mayar da azurfa 30 ɗin nan (Matiyu 27:3-5), amma wurin manyan firistoci ya je, bai koma wurin Yesu da ya ci amanarsa ba, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus ya yi mūsun sanin Yesu sau uku, ya yi kuka mai zafi, ya kuma tsaya gaban Yesu ya amsa tambaya sau uku a Yahaya 21.

Abu na farko shi ne kiran zunubin da sunansa. "Ya Ubangiji, ka gafarta mana kurakuranmu" addu'ar taro ce, ba ta isa mai tuba ba. Sai ya ce na yi ƙarya a kan farashin, na ci amanar kuɗin adashe, na ɓata sunan wance. Haka ma wajen ɗan'uwa: "in na yi maka laifi ka yafe ni" ba furci ba ne, wannan "in" ɗin mafaka ce. Dubi Saul a 1 Sama'ila 15. Ya ce ya yi zunubi, amma ya ɗora wa jama'a, sannan ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya tare shi da laifinsa, bai kawo hanzari ba. Ɗan Katolika zai kai furcinsa wurin Fada, wato limamin cocinsu, a ikirari, ɗan ECWA ko Anglika zai faɗa wa Allah kai tsaye bisa 1 Yahaya 1:9, wani lokaci da fasto ko dattijo a matsayin shaida, amma duka biyun ba su ɗauke wa mutum zuwa wurin wanda ya cuta ba.

A nan ne mutane da yawa ke makalewa, wajen mayar da haƙƙi. Littafin Firistoci 6:1-5 ya yi lissafin a fili: wanda ya danne ajiya, ko ya yi zamba, ko ya tsinci abu ya yi mūsu, zai mayar da uwar kuɗin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A ce ɗan kasuwa a Tsohuwar Kasuwa ya bubbuge gindin tiyarsa ya yi ta tauye wa wata mai waina awon shinkafa, abin ya kai naira 50,000. Bisa wannan ma'auni naira 60,000 zai kai mata. Zakka a Luka 19:8 ya wuce nan, ya ce ninki huɗu, irin abin da Fitowa 22:1 ta yanka wa ɓarawon tunkiya, ga rabin dukiyarsa kuma ga matalauta. Mai bi ba ya ƙarƙashin wannan lissafi a matsayin doka, kuma kuɗin ba ya sayen gafara, jinin Almasihu ne ya biya wannan. Sai dai wanda ya ce ya tuba alhali tiyar nan tana nan a rumfarsa, kazar na bakinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashi kuɗin a zuba a baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci, ranar Lahadi a ce an wanke. Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baikon a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ko mai haƙƙin Musulmi ne, maƙwabci ko abokin ciniki, nasa ne, shi za a kai wa. In ya rasu, magadansa. Sai in babu dangi sam sannan Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce a ba Ubangiji. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya ya je ya faɗi gaskiya, su yanka abin da zai riƙa kawowa duk wata, a gaban shaida.

Akwai kuma furcin da ke yin ɓarna. Mutum ya miƙe a lokacin shaida cikin sujada ya ambaci sunan matar da suka yi zina da ita, shi ya sauke kayansa, ita ya kashe mata aure. Faɗin furci ya yi daidai da faɗin laifin: na ɓoye tsakaninka da Allah da wanda abin ya shafa, na fili a gaban ikilisiya.

Sannan a toshe hanyar komawa, a kuma cika gurbin. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi wayam, mugun ruhun ya dawo da bakwai da suka fi shi (Matiyu 12:43-45). Shi ya sa Afisawa 4:28 bai tsaya ga ɓarawo ya daina sata ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Mai caca ya goge manhajar daga wayarsa, ya bar matarsa ko wani amintacce ya riƙa ganin shige da ficen asusunsa. Mashayi ya sauya hanyar da yake bi in ya tashi aiki, ya nemi abin yi a sa'o'in nan na bayan magariba. In ya sake faɗuwa, kada ya jira Larabar Toka, ranar fara azumi kafin Ista, ko taron farkawa na shekara, ya kira dattijon da ya san maganar a ranar, su duba ta wace ƙofa abin ya shigo.